Tafiyar da Ƙungiyar Kacici-kacici ta Ɗalibai a Unguwannin Zango na Akra

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa kafa ƙungiyar kacici-kacici a makaranta ya san yadda al'amarin yakan kasance. Ranar farko aji ya cika maƙil, har wasu suna leƙe ta taga. Mako na uku a sami rabi. Kafin zangon karatu ya ƙare sai a tarar saura yara huɗu ko biyar, su ne kuwa waɗanda tun asali suke zuwa na ɗaya zuwa na biyar a aji, wato waɗanda ko babu ƙungiyar za su ci jarrabawa. Wannan takarda tana magana ne a kan dalilin faruwar haka da kuma hanyoyin kauce masa.

An ɗauki unguwannin Nima da Mamobi na birnin Akra a ƙasar Gana a matsayin fagen misali saboda dalilai biyu. Na farko, Gana ƙasa ce da gasar tambayoyi ta makarantu ta yi ƙarfi ƙwarai, har ana bin ta kamar yadda ake bin ƙwallon ƙafa. Na biyu, yaron zango yana rayuwa ne da harsuna uku ko huɗu, don haka matsalar harshen da za a yi tambaya da shi, wadda malamin Kano ko Katsina zai iya kau da kai daga gare ta, a can ba ta ɓoyuwa.

Kalmar kacici-kacici tana da ma'ana biyu a Hausar yau. Akwai ta gargajiya, wato ƙulla zance a ɓoye ma'anarsa domin wani ya kwance, kamar a ce "shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya," a amsa da "tsintsiya." Akwai kuma ta zamani, wato gasar tambaya da amsa a kan darussan makaranta, inda ake ba da maki. Ma'ana ta biyu ake nufi a nan, amma za a ga cewa ta biyun ba ta rayuwa sosai in ba ta ari wani abu daga ta farkon ba.

2.0 Nima da Mamobi

Unguwannin biyu suna arewa maso gabas da shataletalen Kwame Nkrumah, wanda kowa ya fi sani da Circle, tafiyar 'yan mintoci a motar haya. Nima ta fara ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa, wani Bafulatani mai fataucin shanu, ya sami izinin zama a wurin daga masu ƙasa, wato mutanen Ga. Daga baya baƙi suka yi ta sauka: Hausawa, Zabarmawa, Kotokoli, Mosi, Dagwamba, Wangarawa, Yarbawa da sauransu. Hausa ce ta zama harshen da ya haɗa su a kasuwa da masallaci da tsakar gida, ko da yake yawancinsu ba Hausawa ba ne ta fuskar asali.

Sai dai Hausa ba ta cikin harsunan Gana goma sha ɗaya da gwamnati ta amince a koyar a makarantu, duk da cewa gidan rediyon ƙasar ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita. Ke nan yaron Nima yana magana da Hausa a gida, ya yi ciniki da Twi ko Ga, ya karanta Larabci a makarantar allo ko Islamiyya, sannan ya rubuta jarrabawa da Ingilishi. Tun 1987 akwai Sashen Ilimin Musulunci a ƙarƙashin Hukumar Ilimi ta Gana, wanda ya shigar da makarantun Islamiyya da dama cikin tsarin gwamnati, ana koyar da boko da Larabci tare. A irin waɗannan makarantu ne, musamman a ajujuwan ƙaramar sakandare, ƙungiyar da ake magana a kanta ta fi amfani. Dalili kuwa shi ne jarrabawar BECE da ake yi a ƙarshen ƙaramar sakandare. Tun 2005 kwamfuta ce ke rarraba ɗalibai zuwa manyan sakandare bisa sakamakonsu, kuma ko da yake an soke kuɗin makaranta a manyan sakandaren gwamnati a 2017, gurbin shiga makarantun da suka yi suna bai ƙaru yadda zai ishi kowa ba. Maki kaɗan ne ke raba yaron da zai shiga makaranta mai ɗakin gwaje-gwaje da wanda zai ƙare sakandare bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba.

3.0 Gasar Kimiyya da Lissafi ta Ƙasa

Babu yadda za a yi a kafa ƙungiyar tambayoyi a Gana ba tare da yara sun auna ta da gasar ƙasa ba, wadda ake kira NSMQ a taƙaice. Tunanin kafa ta ya samo asali ne a 1993 daga Kwaku Mensa-Bonsu, shugaban kamfanin Primetime. Labarin da aka sani shi ne, a filin wasan tanis na Jami'ar Gana da ke Legon ya tambayi wasu malaman jami'a dalilin da ya sa tsuntsu ke sauka a kan wayar lantarki wuta ba ta ja shi, alhali mutum in ya taɓa sai ya mutu. Amsar ita ce ƙafafun tsuntsun duka biyu suna kan waya ɗaya, babu bambancin ƙarfin lantarki a tsakaninsu, don haka wutar ba ta da hanyar wucewa ta jikinsa zuwa wani wuri. Da zai haɗa waya biyu, ko waya da ƙasa, da ya ƙone. Ya kamata malami ya lura da irin wannan tambaya da kyau. Abu ne da kowa yake gani kullum, amma ba kowa ya san dalilinsa ba.

An fara gasar da makarantu 32, kuma Kwalejin Prempeh ta Kumasi ce ta ci kofin farko a 1994. Kamfanin da ke yin sabulun Brillant ne ya fara ɗaukar nauyinta, shi ya sa mutane suka laƙaba mata suna "Brilla." Mata ne suka riƙe kujerar gabatar da tambayoyi: Farfesa Marian Ewurama Addy, masaniyar sinadaran jikin halittu, ita ce ta farko; sai Dakta Eureka Emefa Adomako daga 2001; sai Elsie Effah Kaufmann, malamar injiniyanci a Jami'ar Gana, wadda ta karɓa a 2006. Makarantar Presec ta Legon, wadda ba ta da nisa da Nima, ta ci kofin sau takwas tsakanin 1995 da 2023.

A tsarin da gasar ta zauna a kai, makarantu uku ne ke karawa a kowane zama, a zagaye biyar. Zagaye na farko tambayoyi ne bi da bi a kan lissafi da fiziks da kemistare da ilimin halittu. Na biyu tsere ne: wanda ya riga kaɗa ƙararrawa shi zai amsa, in ya yi kuskure a rage masa maki 1. Na uku matsala ce guda ɗaya mai maki 10, kowace makaranta ta warware a rubuce cikin 'yan mintoci. Na huɗu "gaskiya ne ko ƙarya," maki 2 ga wanda ya dace, a cire 1 ga wanda ya kuskure. Na biyar kuwa kacici-kacici ne irin na gargajiya: a riƙa ba da alamu ɗaya bayan ɗaya, wanda ya gane a alamar farko ya sami maki 5, a ta biyu 4, daga ta uku zuwa gaba 3.

3.1 Abin Ara da Abin Bari

Kuskuren da malamai suka fi yi shi ne kwaikwayon wannan tsari dungurungum. Gasar ƙasa an shirya ta ne domin talabijin da kuma fitar da gwani. Kowace makaranta yara biyu take zaunarwa a kan dandamali, sauran ɗaruruwan ɗalibai aikinsu tafi da waƙa. Ƙungiyar makaranta kuwa manufarta akasin haka ce: yaro na talatin a aji ya buɗe baki ya amsa tambaya aƙalla sau ɗaya a kowane zama. In aka gina ƙungiya a kan ƙararrawa da tsere, yara uku masu saurin tunani za su cinye komai, sauran su gane cewa kallo aka gayyace su, kallo kuwa ana samunsa a gida. Daga nan ake samun raguwar da aka ambata a gabatarwa.

Abin da ya cancanci a ara shi ne sauya salon tambaya daga zagaye zuwa zagaye, da matsala ɗaya da ake warwarewa a rubuce cikin natsuwa, da zagayen alamu. Horar da yara biyu ko uku domin wakiltar makaranta aiki ne daban, kuma ya fi kyau a ware masa rana daban.

4.0 Yadda Tambaya Take Koyarwa

Wasu malamai suna ɗaukar kacici-kacici a matsayin wasa na hutun ƙwaƙwalwa bayan an gama karatu na gaske. Binciken masana halayyar ɗan Adam ya nuna ba haka ba ne. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka sun ba ɗalibai wani rubutu. Wasu suka karanta shi a zama huɗu. Wasu suka karanta a zama ɗaya, sauran zama uku aka sa su rubuta abin da suka tuna ba tare da dubawa ba. Da aka gwada su bayan minti 5, masu maimaita karatu ne suka yi gaba. Bayan mako ɗaya kuwa sai labari ya juya: masu maimaita karatu suka tuna kashi 40 cikin 100, waɗanda aka yi ta tambaya suka tuna kashi 61. Wato ƙoƙarin zaƙulo abu daga ka shi ne yake kafa shi.

Ga ɗan zango wannan ba baƙon abu ba ne. Almajiri yakan kifa allonsa ya kawo hadda, malam ya ja masa baƙi daga tsakiyar sura ya ce ya ci gaba. Musabaƙar Alƙur'ani, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara shiryawa a matakin ƙasa a Nijeriya a 1986, a kan wannan aka gina ta. Don haka idan malami zai yi wa iyaye bayanin ƙungiyar, ba ya buƙatar dogon turanci. Ya ce musu musabaƙa ce ta darussan boko, za su fahimta.

5.0 Harshen Tambaya

Nan ne ɗalibin harshe yake da abin cewa fiye da malamin kimiyya. Jarrabawa da Ingilishi ake yi, saboda haka ƙungiyar da ta watsar da Ingilishi ta cuci yara. Amma ƙungiyar da ta hana Hausa ita ma ta cuce su ta wata fuska, domin yaro yana iya haddace ma'anar kalmar kimiyya da Ingilishi tsaf, a tambaye shi dalilin da ya sa wanki ya fi saurin bushewa da hunturu fiye da damina ya yi shiru. Haddar tana nan, fahimtar ce babu.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a raba aikin harsunan. A karanta tambaya da Ingilishi. Rukuni ya yi shawara da duk harshen da ya ga dama. Mai amsawa ya faɗi kalmar da ake nema da Ingilishi ya sami maki 2, sannan ya bayyana dalili da Hausa, kamar yana yi wa kakarsa bayani, ya sami ƙarin maki 1. A wani zagayen a juya: tambaya da Hausa, amsa da Ingilishi. Yaron da yake jin kunyar Turancinsa ya sami ƙofar shiga, wanda kuma yake taƙama da Turanci ya gane akwai sauran aiki a gabansa.

Tsara tambaya da Hausa yana da nasa tarkon. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Idan aka rubuta a allo "Me ke kawo fari?" ana iya nufin fari na rashin ruwan sama, ana iya nufin fari jam'in fara, ana ma iya nufin launi. A baki kalmomin uku sun bambanta, a takarda ɗaya ne. Haka "tara tara da tara": ta farko aikatau ce, sauran biyu lamba, amsa 18, amma yaron da ya karanta da ido zai tsaya yana juyawa, lokaci yana tafiya. Sai dai fa in ruɗanin shi ne abin da ake son gwadawa, a zagayen harshe, inda irin wannan tambaya take da daɗi ƙwarai. A zagayen lissafi a ce "haɗa 9 da 9."

A Akra matsalar ta ƙaru, domin Hausar Gana ta sha bamban da daidaitacciyar Hausa a wasu wurare. Masu magana da yawa ba sa bambanta ƙ da k, ko ɗ da d, ko ɓ da b, don haka "ƙafa" da "kafa" suna iya zama abu ɗaya a kunne. Sautin ky yakan koma c, gy ya koma j. Jinsin nahawu ma ya yi rauni, ana iya jin "yarinya ya zo." Malamin da ya yi karatu a Kano ko Zariya ya je yana rage maki saboda waɗannan ya yi kuskure babba. Karin harshe ne na al'umma, mai tarihinsa tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, ba gurɓatacciyar Hausa ba ce. Idan ana son koyar da daidaitacciyar Hausa, a ware mata zagaye, a sanar tun farko, a ce "yaya Bakano zai faɗi wannan?" Yara suna jin daɗin wannan zagaye, don dariya ake yi wa juna ta kowane ɓangare.

Akwai kuma tambayoyin da amsarsu ta rabu biyu. Alal misali, "Ankara babban birnin wace ƙasa ce?" Littafi zai ce Turkiyya. Amma Hausawa tun da daɗewa Ankara suke ce wa Akra, kuma yaron da ya ji haka a bakin kakansa ya amsa da "Gana" bai yi ƙarya ba. Haka nan "Mene ne asalin sunan Nima?" Wasu sun ce daga Larabci ne, wato ni'ima, wasu sun ce daga harshen Ga ne, ma'ana garin sarki. Irin wannan ba ta shiga zagayen maki. A ajiye ta domin muhawara, ko a ce rukuni ya kawo ra'ayoyin biyu.

5.1 Tambaya Daga Unguwa

Tambayar da ta fi kama yara ita ce wadda ta ɗauko darasin littafi ta ɗora a kan abin da suka sani. A daren 3 ga Yuni 2015 ruwan sama ya yi ambaliya a Circle, mai ya malalo daga wani gidan mai da mutane suka fake a ciki, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Tambaya: me ya sa wutar ta bi saman ruwa maimakon ruwan ya kashe ta? Amsa: fetur bai kai ruwa nauyi ba, lita ɗaya tasa kimanin kashi uku cikin huɗu ne na nauyin litar ruwa, kuma ba ya gaurayuwa da shi, don haka sai ya taso sama ya bazu duk inda ruwan ya kai shi. Yaron da ya amsa wannan ya koyi darasin nauyin abubuwa, ya kuma koyi kada ya watsa ruwa a wutar mai. Tilas dai malami ya fara bincikawa ko akwai wanda ya rasa ɗan'uwa a wannan dare a cikin ajin, in akwai ya nemi wani misalin.

A lissafi ana iya amfani da canjin kuɗi na 2007, lokacin da tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi 1: kaka ta ce ta sayi kaya na 50,000 a tsohon lissafi, nawa ke nan a sabo? A harshe kuwa ga kalmomin Hausa nan birjik a bakin 'yan Gana: sunan shinkafa da wake da ake rubutawa waakye, da koko, da ƙosai, da tuwon zafi, da kayayei, wadda ta haɗa "kaya" ta Hausa da kalmar Ga mai nufin mata. Ko ƙwallo tana da gurbi. Mohammed Kudus ɗan Nima ne. Tambayar a wace ƙasa Ajax take, wadda ya koma a 2020, tambaya ce ta labarin ƙasa, kuma za ta ta da yaran bayan aji daga barci.

Zagayen alamu shi ya fi buƙatar gwaninta. Ƙa'idarsa ita ce a fara da alama mafi wuya a sauko zuwa mafi sauƙi, kuma kowace alama ta zama gaskiya ce mai koyar da wani abu. Ga misali:

(a) Abu biyu suka haɗu suka haife ni: ɗaya ƙarfe ne da ke iya kamawa da wuta in ya taɓa ruwa, ɗayan iska ce mai guba.
(b) Ana kwasata a tafkin Songor kusa da Ada.
(c) Ayarin raƙuma yakan je Bilma domina.
(d) Miya ba ta daɗi sai da ni.

Amsa gishiri. Wanda ya san kemistare zai kama a alamar farko, ɗan Gana a ta biyu, wanda kakanninsa suka fito daga Nijar a ta uku, ta huɗu kuwa ta kowa ce. Ba wanda zai tashi bai gane ba, amma maki ya bambanta. Haka za a iya yi da Salaga: yaƙin basasa na 1892 da ya watsa 'yan kasuwarta, kasuwar tsohon garin Akra mai ɗauke da sunanta, fataken Kano masu zuwa sayen goro, sannan babbar kasuwar ƙasar Gwanja.

6.0 Tsarin Zama da Maki

A raba yara rukuni-rukuni na mutum huɗu, malami ne zai raba, ya gauraya masu ƙarfi da masu rauni, a kuma sake rabon kowane wata. Kowane ɗan rukuni yana da lamba daga 1 zuwa 4. A karanta tambaya, a ba da daƙiƙa 30 na shawara, sannan a zaro lamba daga cikin hula. Wanda lambarsa ta fito shi kaɗai zai amsa. Wannan ƙaramar dabara ita ce ƙashin bayan ƙungiyar, domin ta mayar da gwanin rukuni malami: sanin amsa ba zai amfane shi ba sai ya tabbatar sauran ukun sun sani.

Game da rage maki, ya kamata a yi hattara. A zagayen "gaskiya ne ko ƙarya" na gasar ƙasa, wanda ya yi ta canka a tambayoyi 10 zai dace a kimanin 5 ya sami maki 10, ya kuskure 5 a cire masa 5, ya tashi da 5. Ke nan ragin bai hana canka ba, sai dai ya tsorata mai tsoro. A zangon farko na ƙungiya gara a bar shi baki ɗaya. Maganin canka shi ne a bi kowace amsa da "don me?"

Al'adar gargajiya tana da hanya mai kyau ta karɓar kaye. Wanda ya kasa kwance kacici-kacici yakan ce "na ba ka gari," ya ambaci sunan gari, sannan a gaya masa amsa. Ana iya shigo da wannan: rukunin da ya kasa ya ba rukunin da ya amsa gari, amma sai ya nuna garin a taswira. Kasawa ta zama wasa, ba abin kunya ba, ga kuma darasin taswira a ɓagas. Ƙararrawar lantarki ba dole ba ce. Cokali da gwangwanin madara sun isa, kuma ba ruwansu da ɗaukewar wuta.

Lokaci ma abin dubawa ne. Safiyar Asabar da Lahadi ta makarantar Islamiyya ce ga yara da yawa, kuma malamin boko da ya yi gasa da ita shi zai faɗi. Rana ɗaya a tsakiyar mako bayan tashi, minti 45 zuwa awa ɗaya, a tashi da sauran rana. Da azumi a gajarta ko a ɗage. Tashi da wuri ya fi shafar 'yan mata, waɗanda da yawansu ake jira a gida domin girki ko taya uwa sana'ar yamma. In zama yana kaiwa magariba, su ne za su fara ɓacewa. Yana da kyau a tuna musu da Francisca Lamini ta makarantar Keta, wadda ta zauna a zagayen ƙarshe na gasar ƙasa a 2021 bayan shekaru ba a ga mace a wurin ba, amma labari kaɗai ba ya riƙe yarinya. Abin da ke riƙe ta shi ne malama ko malami ya taka ya gaida mahaifiyarta, ya faɗa mata ranar zama da lokacin tashi, sannan ya cika alkawari.

7.0 Alƙalanci da Akwatin Tambayoyi

Gardama a kan maki tana kashe ƙungiya da sauri. Kafin zama a rubuta amsar kowace tambaya da sauran amsoshin da za a iya karɓa. Hukuncin alƙali ya zauna a lokacin wasa, amma rukuni yana da damar kawo hujja daga littafi a mako mai zuwa, in ta tabbata a mayar masa da makinsa a gaban kowa, har da ƙari. Malamin da ya iya cewa "ku ne da gaskiya" bai rage komai daga girmansa ba, kuma yaran da suka kwana suna binciken littafi don su kama malam sun yi karatun da ba a sa su ba.

Tambayoyin kansu kada su zama na malami shi kaɗai. Kowane rukuni ya kawo guda uku a mako, a rubuce a kan kati: tambaya a gaba, amsa da shafin littafin da aka samo ta a baya. Malami ya tace, ya gyara harshe, ya zubar da masu harshen damo. A bayan kowane kati a rubuta ranar da aka yi tambayar da ko an amsa. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a kwanakin farko bayan koyo, don haka katin da aka kasa ya dawo bayan mako ɗaya, wanda aka amsa ya dawo bayan wata. Kashi ɗaya cikin uku na tambayoyin kowane zama ya zama tsofaffi ne.

Kyauta kuwa ta zama ƙarama kuma mai yawan zagayawa: biro, littafin rubutu, sunan rukuni a allon sanarwa, da kyauta ta musamman ga wanda ya fi kawo tambaya mai kyau. Kada a jingina ƙungiya ga aljihun mutum ɗaya, musamman mai neman ƙuri'a, wanda alherinsa yake da kaka. Gasar ƙasa kanta ta tsaya a 2010 da 2011 saboda rashin mai ɗaukar nauyi, sai a 2012 ta dawo da tallafin Hukumar Ilimi. Haka nan malaman gwamnati ana yi musu canjin wurin aiki. Saboda haka tun zango na biyu a naɗa ɗalibai biyu na aji biyu, mace da namiji, su riƙa karanta tambayoyi da rubuta maki malami yana gefe, akwatin katuna kuma ya zauna a ofishin shugaban makaranta, da sunayen masu riƙe da shi a rubuce a jikin murfin.